Baikon da Tabita Ta Ƙi Mayarwa

Ranar wata Asabar da hantsi, Inna Kulu ta baje kayan ɗakin 'yarta a tsakar gida tana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Kwanonin samira ne da tasoshi, da farantan tangaran da babban ɗanta Ɗanjuma ya sayo daga Kano. Tabita na zaune a kan tabarma tana gyaran wake, tana tsokanar uwar, wai tun kafin ranar biki za a goge furannin kwanonin su ƙare.

Gidan Malam Ishiyaku, mahaifin Tabita, na cikin 'yan gidajen Kirista da ke gefen garin Gwaram. Shi ne dattijon ikkilisiyarsu, shi ke wa'azi duk Lahadin da fasto bai samu zuwa daga Birnin Kudu ba. Lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina, ana neman malamai ido rufe. Haka Tabita ta samu koyarwa a wata makaranta ta wajen Maruta, can kuma ta haɗu da Filibus, kafintan da aka ba aikin bencina. Maraya ne daga wani ƙauye kusa da Kwandiko, dogo, mai sanyin magana, ba ya buga ƙusa sai yana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa. An yi baiko, an sa rana bayan kaka.

Suna cikin gugar kwanonin sai ga Filibus ya yi sallama, ya turo kekensa da wani ɗan tebur ɗaure a baya, wanda ya ƙera wa amarya don gyaran littattafan yara. Ya durƙusa ya gaida Inna, aka kawo masa kunu. Yana cikin ba su labarin aikin da aka yi masa alkawari a Birnin Kudu, sai tukunyar ƙarfen da ke kan murhu ta karkace za ta kife. Ya miƙa hannu ya tare ta, ya gyara mata zama, ya ci gaba da maganarsa.

Tabita ce ta fara jin ƙauri. Ta kamo hannunsa ta juya, sai ga tafin ya sale, fata ta tashi. Shi kuwa kallon hannun yake yi kamar na wani, ya ce wallahi bai ji komai ba. Inna Kulu ba tafin take kallo ba. Idonta na kan damtsensa, inda ya naɗe hannun riga, a kan wani tabo mai haske kamar an shafa toka. Ta tambaye shi tun yaushe yake da shi. Ya ce ya kwana biyu, ya ɗauka ƙyasfi ne. Yana fita Inna ta ɗauki kofin da ya sha kunu da tsumma, ta wurga shi bayan danga.

Ba a rufa mako ba dispensa, ma'aikacin ɗakin shan magani, ya faɗi abin da Inna ta riga ta gani. Kuturta ce. Aka tura Filibus asibitin mishan na masu cutar, can hanyar Kano, aka ce magani ne na shekaru, ba na watanni ba.

Malam Ishiyaku ya tara iyalinsa a zaure bayan an taso daga sujada. Ya yi magana a hankali, kamar yadda ya saba. Ya ce yana yaro, tun kafin su ba da gaskiya, ya ga yadda aka yi wa ƙanin mahaifinsa bukka a bayan gari, ana tura masa tuwo da sanda, har ya mutu ba wanda ya taɓa gawarsa da hannu. Ya ce ba zai zauna yana kallo 'yarsa ta shiga wannan rayuwa ba. Aure dai ba a ɗaura ba, saboda haka za a tattara kayan baiko a mayar wa kawun yaron cikin mutunci, a ci gaba da yi masa addu'a. Ɗanjuma, wanda ke aiki da kamfanin da ke shimfiɗa kwalta, ya ɗora da cewa shi ma yana da sunan da zai kare. Yana neman aure, ba ya son a riƙa nuna shi a kasuwa ana cewa ga surukin kuturu.

Tabita ta saurara har suka gama. Sannan ta ɗago kai.

"Baba, ranar baikon nan wa ya yi mana addu'a?"

"Ni ne."

"Ka ce Ubangiji ne mashaidi tsakanina da shi. Ya janye ne, Baba? In ya janye, a mayar da kayan. In bai janye ba, ni ma ban janye ba."

Ɗanjuma ya zabura zai mare ta, uban ya daka masa tsawa. Inna ta fashe da kuka, tana cewa an yi wa 'yarta asiri. Malam Ishiyaku ya ce yarinya ce, a bar ta ta huce, gobe hankalinta zai dawo.

Hankalin da suke jira bai dawo ba. Da aka yi albashi, Tabita ta dafa dambu, ta soya gyaɗa, ta hau motar Birnin Kudu, daga can ta shiga ta Kano. Ta tarar da Filibus zaune a gindin wata bishiyar maina, ya rame, hannunsa naɗe da bandeji. Da ya hango ta bai yi murna ba. Ya ja da baya a kan bencin, ya ce kada ta matso. Ya ce ya yi ta tunani, ya ga ba adalci ba ne ya ɗaure ta, ya yafe mata baikon har ga Allah, ta je ta yi aurenta.

"Kai ma?" in ji ta. "Na bar masu wannan magana a gida, na zo nan in tarar da ita? Sista mai jinya ta gaya mini tun a ƙofa, wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. Matsa mini in zauna."

Ta zauna, ta buɗe kwanon. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya sa hannu.

Labari ya riga ta komawa Gwaram. Ranar Lahadi da ta shiga majami'a, matan da ke bencinsu suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka koma na baya. A taron zumuntar mata ta kai ƙosai, aka yi ta godiya, ba wadda ta taɓa. A makaranta wasu iyaye suka hana 'ya'yansu shiga ajinta, har hedimasta ya kira ta ofis yana ta sosa ƙeya, ya ce ko za ta nemi tiransifa, a sauya mata makaranta. Fasto Manu da ya zo ya zaunar da ita, ya ce ta sani ba zunubi ba ne ta janye tun da ba a ɗaura ba, kuma biyayya ga iyaye umarni ne. Ta ce ta sani, Fasto, kuma ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Amma tun tana ƙarama ake koya mata cewa Allahn da suke bi ba ya yar da mutum don ya lalace, to ita da wane ido za ta karanta Littafi Mai Tsarki in ta yar da nata? Fasto ya ce su yi addu'a.

A ƙarshen wata na gaba tana ɗaure kwano a ɗankwali, sai uban ya tsaya a bakin zaure. Ya ce ya yi haƙuri iyakar haƙuri. In ta sa ƙafa ta fita zuwa wurin nan, to kada ta dawo masa gida, don yana da sauran 'ya'ya.

Tabita ta ajiye kwanon, ta durƙusa har ƙasa. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Baba, ka yafe mini. Abin da ka koya mini ne nake yi. Ban san wani ba."

Ta tashi, ta shiga ɗaki ta ɗauki akwatinta da Littafinta, ta fita. Inna ta biyo ta har bakin hanya tana kiran sunanta, ba ta iya waiwayowa ba, don ta san in ta waiwaya ƙafarta ba za ta ƙara ɗaguwa ba.

A Birnin Kudu akwai Gwaggo Kubra, yayar Malam Ishiyaku. Ita Musulunci ta shiga tun tana budurwa, ta auri wani mai sayar da hatsi, yanzu ya rasu ya bar ta da gida. Can Tabita ta nufa. Gwaggo ta saurari labarin tana jan carbi, sannan ta ce ƙaninta tun yana yaro matsoraci ne, ko kaza aka yanka sai ya ɓuya. Ta nuna wa Tabita ɗakin da ke kusa da nata. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, kowa ya yi ibadarsa, kuma kada ta ga ana kuka a kan tuwo. Ba a daɗe ba tiransifa ta fito, Tabita ta koma koyarwa a cikin gari.

Nan ta zauna, damina ta wuce, wata ta zo. Kowace safiya, Gwaggo na kan sallaya, ita tana bakin ƙofa da Littafi a cinya, tana bin alkawuran Allah ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka gama cira. Ta riƙe su gam. Ta sa a ranta cewa Filibus zai fito garau, hannunsa kamar na da, ta kai shi Gwaram ta tsayar a gaban Yaya Ɗanjuma da matan zumunta, kowa ya ji kunya. Har ta tsara abin da za ta faɗa musu.

Sai ga shi abin bai zo haka ba. Ƙunar nan ta tukunya ba ta taɓa warkewa sosai ba, ga jijiyoyin hannun sun riga sun mutu. Wani zuwa da ta yi, ta tarar likita ya yanke masa yatsu biyu na hannun dama, sauran kuma sun lanƙwashe. Hannun zarto da guduma ke nan. Ta tsaya tana kallon bandejin. Ranar ko kwanon ba ta buɗe ba.

Ta koma Birnin Kudu ta rufe Littafin ta sa a ƙasan akwati. Ta daina addu'a, sai dai faɗa. Tana tafiya makaranta tana yi da Allah a zuci: na bar uwa da uba saboda maganarka, an guje ni kamar mushe, abin da za ka saka mini da shi ke nan? Ina alkawarin? Gwaggo ta lura bakin ƙofa ya zama wayam da safe, ta ce mata ita dai ba ta san karatunsu ba, amma ba ta taɓa jin wanda ya yi fushi da Mahaliccinsa ya samu wani wurin zuwa ba.

Duk da haka ƙarshen wata na yi ta hau mota, don taurin kanta bai bar ta ta fasa ba. Ta samu Filibus a bayan ɗakin ajiya, ya ɗaure guduma a hannu da igiyar fata, yana koyon riƙe ƙusa da hagu. Gefensa ga wasu sandunan guragu da ya gyara wa 'yan'uwansa majinyata. Aikin ya karkace, amma yana tsaye. Kuma yana rera waƙa.

Abin ya ba ta haushi. Ta tambaye shi waƙar me yake yi, bayan Allah ya ji roƙonsu ya kau da kai. Ya kwance igiyar da haƙori, ya zauna kusa da ita.

"Tabita, ni ma na yi wannan faɗan, na gaji. Sai na koma na duba da kyau. Ban ga inda aka yi mini alkawarin yatsu ba. Abin da na gani shi ne, ko ta ruwa na bi, ko ta wuta, ba za a bar ni ni kaɗai ba. To, an bar ni? Mutanen da ke nan, wasu shekara da shekaru ba wanda ya leƙo su. Ni duk wata sai na hango ɗankwalinki daga bakin ƙofa. Kina tambaya ina alkawarin, alhali ke aka aiko da shi."

Tabita ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai isarta. A mota tana komawa ta gane abin da ta yi. Ita ce ta rubuta wa Allah yadda zai cika maganarsa, har da ranar da za ta kunyata mutanen Gwaram, sannan ta ce alkawarinsa ne. Washegari Gwaggo ta idar da salla ta ga bakin ƙofa ya samu mai shi. Sai ta ƙara sukari a koko.

Wata Lahadi, cikin shekara ta uku, Tabita na zaune a ƙaramar majami'ar asibitin. Majinyata sun cika ta, wasu ba yatsu, wasu ba gani, suna tafi da abin da ya rage musu, waƙa kamar za ta ɗaga kwanon rufi. Ta waiga ta taga. Malam Ishiyaku ne tsaye a waje da hularsa a hannu. Daga baya ta ji cewa ya zo ne ya roƙi Filibus ya kore ta da bakinsa, don Inna ta ƙi ci ta ƙi sha. Ya ƙi shigowa, amma kuma bai tafi ba.

Aka ce Filibus ya rufe da addu'a. Shi bai san da kowa a waje ba. Ya gode wa Ubangiji don magani da masu ba da shi, ya roƙa wa waɗanda aka manta da su. Sannan ya ce a tuna da Baba Ishiyaku na Gwaram da Inna Kulu, a sanyaya musu zuciya, kada a ɗora musu laifi, gama ƙaunar 'yarsu ce ta sa su tsoro. Jama'a suka ce amin yadda suka saba, alamar ba yau ya fara ba. Da Tabita ta sake duba taga, ba kowa. Ta fita da gudu, ta hango bayan uban yana tafiya bakin titi, yana share ido da hula.

Bayan kakar wannan shekara likita ya sallami Filibus, ya ce cutar ta mutu a jikinsa, sai dai abin da ta ci ta ci. Ya kama rumfa a Birnin Kudu. Da farko ba mai kawo masa aiki, sai Gwaggo ta ba shi ƙofofin gidanta, ta kuma bi maƙwabta tana cewa su zo su gani. Fasto Manu ya sa ranar ɗaurin aure. Tabita ta aika Gwaram da goro, ba a ce za a zo ba, ba a ce ba za a zo ba. Ɗanjuma ne kawai ya aiko cewa kada a sa shi a lissafi, kuma bai zo ba.

Ranar, majami'ar Birnin Kudu ta cika, rabi don murna, rabi don kallo. Ana gab da farawa wata mota ta tsaya a ƙofa. Inna Kulu ta fito, idanunta sun kumbura, ta rungume 'yarta. Malam Ishiyaku ya wuce ya zauna a bencin gaba.

Da aka zo wurin da fasto ke cewa ango da amarya su haɗa hannu, sai kowa ya zuba ido. Filibus ya ɓoye na dama a cikin babbar riga, ya miƙo hagu. Tabita ta ƙi karɓa. Ta sa hannu cikin rigar ta zaro na daman, ta riƙe, ta ɗaga shi sama ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Ku duba da kyau," in ji ta. "Wannan nake aura. Kada gobe wani ya ce ban gani ba."

Sai Malam Ishiyaku ya miƙe, ya tako a hankali, ya ɗora tafinsa a kan hannayen biyu. Ya ce shekaru yana wa'azin dogara ga alkawarin Allah, amma ranar da aka gwada shi a cikin gidansa sai ya gudu, 'yarsa ta tsaya. Ya roƙi gafarar Filibus a gaban kowa, ya kira shi ɗansa. Sannan ya sa musu albarka, Gwaggo Kubra daga bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa.

Ba a ce daga ranar komai ya yi sauƙi ba. Akwai gidajen da har suka tsufa ba a ci abincinsu. Hannun Filibus bai miƙe ba, sau da yawa Tabita ce ke duba masa shi da yamma ko ya ji ciwo bai sani ba. Amma rumfarsa ta zama shago, sun haifi 'ya'ya lafiyayyu, Ɗanjuma kansa ya sauko a sunan na biyu.

'Yan matan da suka yi karatu a hannun Malama Tabita sukan tambaye ta yadda ta iya jurewa. Takan ce musu ba ƙarfinta ba ne, ita ma ta taɓa fushi ta rufe Littafi. Abin da ta koya shi ne, bangaskiya ba tilasta wa Allah ya yi yadda kake so ba ce. Ka san abin da ya faɗa, ka tsaya a kansa ko da gidanku duka sun watse sun bar ka, ka bar masa hanya da lokaci. Shi bai taɓa saɓa maganarsa ba, kuma wanda ya yarda da haka ba ya saɓa tasa.